Kumburin fata da saƙon da ke fitowa daga maiƙo

Wanda ƙudan zuma ya taɓa harbi ba ya mantawa. Da fari wurin yana yin zafi kamar an ɗosana garwashi. Jim kaɗan sai ya tashi, ya yi tauri, ya ɗauki ɗumi. In ga tafin hannu ne, ko ga mai hasken fata, ana ganin wurin ya yi ja. Haka yake faruwa in ƙaya ta karye cikin ƙafa, ko ruwan zafi ya zuba ma mutum, ko maruru ya fito. Abin da ya jawo ciwon daban-daban ne, amma amsar da fata take bayarwa iri guda ce. Wannan amsa ita ake kira kumburi. Da faransanci ana cewa inflammation.

Tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubuci na Roma mai suna Selsus ya lissafa alamun kumburi guda 4: ja, tashi, ɗumi da zugi. Har yau ana koya ma masu karatun likita su. Sai dai Selsus alamu kawai ya sani. An yi shekara kusan 1.900 bayanshi kafin a gane wane ne ke ba jiki umurnin kumbura. Da aka gane, sai aka tarar babban rabo na umurnin daga maiƙo yake fitowa, maiƙon da ke cikin fatar ita kanta.

Bangon mai

Fatar babban mutum, in da za a shimfiɗa ta, ta kusa metir kare 2. An gina ta da ƴan ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya da ruwa cikinta, akwai kuma ruwa kewaye da ita. To, mi ke hana ruwan ciki ya gamu da na waje? Wanda ya taɓa zuba man gujiya cikin ruwa ya san amsa: mai da ruwa ba su gamuwa. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da ɗan bango na mai. Bangon siriri ne ƙwarai, sai an jera fiye da 10.000 kafin su kai kaurin takarda guda.

Shi wannan mai an haɗa shi da wasu abubuwa dogaye da ake kira asid na maiƙo. Kowane ɗaya yana kama da tsarkiyar duwatsun wuya, amma duwatsun nashi na karbon ne, wato abin nan da gawayi ya ƙunsa. Wani asid yana da dutse 16, wani 18, wani 20. Guda biyu ne suka fi shafar wannan karatu. Na farko asid linoleyik, mai dutse 18. Na biyu asid arashidonik, mai dutse 20.

Ɗan lakwal da ya fara faransanci zai ji sunan na biyu bai zame mashi baƙo ba, tunda arachide ita ce gujiya. Amma sunan yana ruɗi. Babu asid arashidonik cikin man gujiya. Wani ɗan'uwanshi ne, mai dutse 20 shi ma, aka fara samu cikin gujiya, shi kuma ya gaji sunan. Abin da gujiya ke bayarwa da gaske shi ne linoleyik. Jiki yana ɗaukar linoleyik, ya ƙara mashi dutse 2, ya gyara shi, ya mai da shi arashidonik. Ana kuma samun arashidonik shiryayye cikin nama, hanta da ƙwai.

Ɓerayen Minesota

Jiki ya iya ƙera maiƙo iri-iri daga tuwo da hura, shi ya sa mai yawan cin hatsi yake ƙiba. Amma bai iya ƙera linoleyik ba, dole ya zo daga abinci. Wani masani ɗan Amurka, Joj Bur, da matarshi Mildired ne suka nuna haka a jami'ar Minesota cikin 1929. Sun ba ɓeraye abinci isasshe, amma sun cire duk wani maiƙo daga cikinshi. Bayan ƴan watanni ɓerayen suka daina girma. Fatarsu ta bushe, wutsiya da ƙafafu suka yi saɓa. Suka riƙa shan ruwa da yawa, domin ruwan jikinsu yana tserewa ta fata. Da aka riƙa ɗiga masu ɗan mai cikin abinci kullum, sai suka warke. Cikin 1930 suka gano cewa linoleyik ne ya yi aikin. Daga baya, a jihar Tegzas, likita Aril Hansen ya ga irin haka ga jarirai da aka shayar da madarar da ba ta da linoleyik isasshe: fata ta bushe, ta yi kaushi, da aka gyara madarar ta koma lafiya.

Dalilin haka yana ga shimfiɗar fata ta can bisa. An gina ta kamar katangar gida. Matattun ƙwayoyi su ne tubali, wani maiƙo mai ɗauke da linoleyik shi ne lakar da ke riƙe da su. In lakar ta rasa linoleyik sai katanga ta yi yoyo. Ruwa ya fita, ƙura da ƙwayoyin cuta su shiga, kumburi ya tashi.

Ba rashin abinci kaɗai ke ɓata wannan laka ba. Lokacin ɗari, iskar hunturu tana busar da ita. Sabuni mai ƙarfi, da irin garin nan na wankin tufafi da wasu ke wanka da shi, suna wanke maiƙon fata kamar yadda suke wanke na tukunya. Daga nan sai kaushi, sai faso, sai ƙaiƙayi. Uwar da ke shafa ma ɗanta man kaɗe bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba, yaɓe take yi ma katanga. An ma gwada irin wannan a asibiti. A birnin Daka na ƙasar Bangaladash an riƙa shafa ma jarirai bakwaini man sanfulawa, wanda ke da linoleyik mai yawa. Sakamakon da aka bayyana cikin 2005 ya nuna cututtukan da suke kamuwa da su cikin asibiti sun ragu da kashi 41 cikin 100.

Almakashi da maƙera biyu

Muddin fata tana lafiya, asid arashidonik yana ɗaure cikin bangon ƙwaya, ba ya aikin komi. Da zarar an ji ma ƙwaya ciwo, sai wani ma'aikaci na cikinta ya farka. Irin waɗannan ma'aikata ana ce masu anzim. Wannan sunanshi fosfolifaz A2, aikinshi kuwa na almakashi ne: ya yanko arashidonik daga bango, ya sake shi. Ƙudan zuma ya san wannan hanya, don cikin dafinshi akwai irin wannan almakashi. Haka dafin macizai da yawa.

Asid ɗin da aka saki ba ya daɗewa sake. Wasu anzim iri biyu suna jiranshi, kamar maƙera biyu da aka ba ƙarfe guda, wannan ya ƙera lauje, wancan ya ƙera mashi. Maƙeri na farko yana mai da shi furostagilandin. Na biyu yana mai da shi lekotiriyen. Waɗannan su ne ƴan aike na kumburi.

Furostagilandin, musamman wanda ake kira E2, yana zuwa wurin ƙananan hanyoyin jini na cikin fata, ya sa su buɗe. Jini ya kwararo da yawa. Jini kuwa ja ne, kuma da ɗumin cikin jiki yake zuwa, ga alama biyu ke nan daga cikin huɗun Selsus. Aikinshi na biyu ya fi ban sha'awa. Shi kanshi ba ya sa zafi sosai, amma yana tsokanar jijiyoyin da ke jin zafi har su zama masu saurin fushi. Abin da da bai kai su yi ƙara ba, yanzu ya isa. Shi ya sa yatsa mai kumburi ko riga ta goge shi sai mai shi ya yi tsalle. Wannan zugi yana da amfani, don yana tilasta mutum ya bar wurin ya huta. In irin wannan furostagilandin ya taru cikin ƙwaƙwalwa, shi ke tada masassara.

Lekotiriyen iri-iri ne. Wasu suna sa bangon hanyoyin jini ya yi ƴan ƙofofi, ruwan jini ya tsiyayo cikin nama, wuri ya tashi. Wani kuma, mai suna B4, shi ne mai shela. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna jin shi ko da ɗan kaɗan ne, su bi sawunshi zuwa inda ya fi yawa, kamar yadda tururuwa ke bin sukari. Da sun iso su ma sai su ƙera wani B4, su kira na baya. Suna haɗiye ƙwayoyin cuta, da yawansu su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru gawarwakinsu ce.

Ba su kaɗai ba ne ƴan aiken fata. Akwai istamin, wanda yake ajiye cikin wasu ƙwayoyi, shi ke fara fita cikin ƴan mintoci in sauro ya yi cizo. Bambancin shi ne ƴan aiken maiƙo ba a ajiye su. Nan take ake ƙera su, nan kusa suke aiki, kuma ba su daɗewa jiki ya lalata su. Wanda ya kuɓuce cikin jini, mafi yawanshi huhu ke kashewa. Don haka ne harbi ga yatsa yake tsayawa ga hannu. In kuwa bayan harbin zuma fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan wani abu ne daban mai haɗari, sai a kai mutum likita ba tare da jira ba.

Sunan furostagilandin shi ma da kuskure aka raɗa shi. Wani masani na ƙasar Suwed, Ulf fon Oila, ya same shi cikin maniyyi, ya zaci daga wata gaɓar maza da ake kira furostat yake fitowa, ya sa mashi suna cikin 1935. Ashe kusan kowace ƙwaya ta jiki, ta mace da ta namiji, ta iya yin shi. Wasu ƴan Suwed biyu, Sune Bergistirom da Bengit Samuwelson, su suka gano siffarshi. Cikin 1964 aka tabbatar daga arashidonik yake fitowa, cikin 1979 kuma Samuwelson da abokan aikinshi suka bayyana lekotiriyen.

Rana, tabo da saɓa

Ƙunar rana ta fi kowane misali nuna aikin furostagilandin. Hasken rana yana ɗauke da wani kashi da ido ba ya gani, mai ratsa fata ya ji ma ƙwayoyi ciwo. Baƙar fata tana da launi mai yawa da ake kira melanin, wanda ke tare mafi yawan wannan haske. Zabiya ba ya da wannan garkuwa. In yaro zabiya ya wuni cikin gona, ba nan take yake jin komi ba. Sai bayan awa 3 zuwa 5 fata ta fara ja, ta kai maƙura tsakanin awa 12 da 24. Wannan jinkiri lokaci ne da ƙwayoyi ke ɗauka suna ƙera saƙo. Cikin shekarun 1970 likitoci sun shafa maganin da ke hana ƙera furostagilandin bisa fatar da rana ta ƙone, jan ya ragu cikin kwana na farko. Amma ɓarnar da hasken ya yi cikin ƙwayoyi tana nan, ita ce ke taruwa shekara da shekaru har ta zama ciwon daji na fata. Abin da ke kare zabiya shi ne malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da inuwa daga hantsi zuwa la'asar. A lakwal ma ya kamata a ba shi inuwa lokacin wasa.

Ga baƙar fata ja ba ya fita sosai. Wurin kan yi duhu ne, ko ya yi sheƙi. Wannan yana sa a rena ciwo, alhali ya yi nisa. Hannu ya fi ido gane shi: a taɓa wurin, a taɓa ɗaya gefen, a ji wanne ya fi ɗumi. Akwai kuma wani abu da ya fi damun masu baƙar fata. Furostagilandin da lekotiriyen suna zuga ƙwayoyin da ke ƙera melanin. Shi ya sa bayan ƙurji ya warke yake barin baƙin tabo mai ɗaukar watanni kafin ya kwanta. Saurayi ko budurwa mai matse ƙurajen fuska yana ƙara ma kumburi kwana ne, tabon kuma ya ƙara duhu.

Amosanin ka ma da hannun maiƙo ciki. Wani ɗan naman gwari da ke zaune bisa kan kowa yana cin man da fata ke fitarwa, ya bar wani asid da ake kira oleyik. Wasu mutane fatarsu ba ta jure shi, sai ƙaiƙayi da saɓa.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira soriyazis. Fata tana yin faci-faci masu kauri da farar saɓa, galibi ga gwiwa, gwiwar hannu da kai. Lafiyayyar fata tana sabunta kanta cikin kamar sati 4, amma a nan cikin ƴan kwanaki take yi. Cikin 1975 aka auna waɗannan wurare, aka tarar da sakakken arashidonik mai yawan gaske. Daga baya aka sami B4 cikin saɓar. Masana suka sa rai maganin da zai toshe lekotiriyen zai warkar da cutar, amma gwaji bai ba da abin da aka so ba. Yanzu an san tushenta yana ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ke tada faɗa ba dalili, ƴan aiken maiƙo kuwa suna ƙara ma wutar itace ne. Soriyazis ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta gaisawa ko ta zama bisa tebur guda.

Mai kashe wuta

An daɗe ana zaton kumburi yana ƙarewa ne don kanshi, kamar wutar da itacenta ya ƙare. Ba haka ba ne. Cikin 1984 Calis Serhan, yana aiki tare da Samuwelson, ya gano wasu ƴan aike da ake kira lifoksin. Daga arashidonik ɗin nan dai ake ƙera su, amma saƙonsu kishiyar na B4 ne: sojoji su daina zuwa. Suna kuma kiran wasu manyan ƙwayoyi masu shara, su kwashe gawarwaki, fata ta fara gyara kanta. Farkon shekarun 2000 Serhan ya sake gano wasu masu irin wannan aiki, rezolbin, waɗanda jiki ke ƙerawa daga maiƙon omega 3 da ke cikin kifi mai kitse kamar sardin. Cin kifi yana da kyau. Amma da aka ba masu soriyazis da masu kircin fata ƙwayoyin man kifi, sauƙin da aka gani kaɗan ne, wani gwajin ma ba a ga komi ba. Mai talla da ya ce man kifi yana warkar da cutar fata ya faɗi fiye da abin da aka gani.

Inda magani yake tsayawa

Kamfanin Bayer na Jamus ya fara sai da asfirin cikin 1899. An yi shekara fiye da 70 ana shan shi ba a san yadda yake aiki ba, sai cikin 1971 Jon Ben, a birnin Landan, ya nuna cewa yana ɗaure hannun maƙeri na farko ne. Babu furostagilandin, sai zugi da masassara su sauka. Ibufurofen ma haka yake yi. Ben da Bergistirom da Samuwelson sun sami kyautar Nobel cikin 1982. Sai dai furostagilandin ba kumburi kaɗai yake yi ba, shi ne ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi. Mai yawan shan waɗannan ƙwayoyi yana iya samun gyambon ciki. Yaron da bai kai shekara 16 ba, mai mura ko ƙarambau, ba a ba shi asfirin, don yana iya taɓa mashi hanta da ƙwaƙwalwa.

Kortizon ya fi ƙarfi, domin tun daga almakashi yake tare hanya, maƙeran biyu duka su rasa ƙarfe. Cikin 1952 aka fara shafa irinshi bisa fata, kuma har yau magani ne mai daraja ga kirci da soriyazis, in likita ya faɗi wuri da adadin kwanaki. Matsala tana ga wanda masu yawo da magani cikin tire suke sayarwa, da wanda ake zubawa cikin man sa hasken fata, kamar kulobetazol da betametazon. Suna kashe ƙaiƙayi da wuri, mai shafawa ya zaci ya warke. Amma in makero ne ko ƙazuwa, mai shela kawai aka rufe ma baki, cutar tana nan tana yaɗuwa ba mai tare ta. Wadda ta yi watanni tana shafawa fatarta tana zama siririya, ta yi nankarwa mai faɗi da ba ta ɓacewa, ƙuraje su fito, rauni ya ƙi warkewa. In ana shafe jiki duka, maganin yana ratsawa cikin jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ƙasar Kodebuwa ta hana sai da man sa haske mai kortizon cikin 2015. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai kada ta bari dare ɗaya, don fata tana tashi da kumburi mai tsanani. Likita ne zai rage mata shi sannu-sannu.

Aiki da tambayoyi

A murje ƙwayar gujiya, ta riɗi da ta hatsi bisa farar takarda, kowace a wurinta. A ɗaga takardar wajen haske. Wace ce ta fi barin maiƙo?

1. Waɗanne alamu 4 ne Selsus ya lissafa? Wace ce ke da wuyar gani ga baƙar fata?
2. Don mi ɓerayen Minesota suke shan ruwa da yawa?
3. Don mi ƙunar rana ba ta fita nan take?
4. Wani yaro yana da makero, an shafa mashi mai mai kortizon, ƙaiƙayi ya tsaya. Ya warke? A ba da dalili.